Hajiya Hawwa'u Arzika, Mai Labarin Gurgun Dillali

An haifi Hajiya Hawwa'u a garin Sabon Maci a shekarar 1957. Mahaifinta Malam Arzika manomin gero da wake ne, mahaifiyarta kuwa Lami, wadda aka shaida da cewa in ta fara ba da labari a wurin sussuka, sai mata su manta da taɓarya a hannu.

Karatu da Aure

Bayan ta yi karatun allo, an sa ta lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1964, ta yi shekara shida, ta fito da kaifin harshen da malamanta ba su ba ta ba, ba su kuma iya raba ta da shi ba. A shekarar 1976 ta auri Malam Zakiru, wani tela a Dakoro, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya kan ce shi da matarsa sun raba aiki, ita da faɗi, shi da ji.

Aikin Rediyo

A shekarar 2002, da aka buɗe wani ƙaramin gidan rediyo a Dakoro, aka ba ta filin labarai na mako-mako. Ita kaɗai take yin muryar kowa, tsoho da yaro, manomi da makiyayi, har jama'a daga Kornaka zuwa Mai Yara suka riƙa taruwa kan rediyo ɗaya don saurarenta.

Jarrabawar Shekarar 2007

A wannan shekara ta ƙirƙiro labarin wani gurgun dillali da aka ba amanar saniyar marayu, ya dawo ya ce ta ɓace. Domin a gane shigowarsa, sai ta riƙa buga sanda a kan tebur. Niyyarta ita ce a ƙarshe a gano sayar da saniyar ya yi, a zaga kasuwa da shi ana yi masa ihu.

Abin da ba ta sani ba, akwai wani dillali a kasuwar dabbobi mai suna Kalla, wanda raƙumi ya taɓa karya wa ƙafa, yana dogara sanda. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba ma jin labari sai mun nemo wanda aka yi wa habaici. Kafin a ankara makiyaya sun daina ba shi dabbobinsu, yara suna bin sa suna kwaikwayon tafiyarsa, alhali bai taɓa cin ko akuyar wani ba.

Kalla ya zo zauren Malam Zakiru, bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce mata kawai shi ne: “Malama, ni dai sunana kaɗai gare ni, shi nika ci da ɗiyana da shi.” Maganar ta soke ta ƙwarai.

Shugaban gidan rediyon ya nace a ƙarasa labarin yadda aka tsara, tunda jama'a tonon asiri suke jira, ya ce in ya so a yi sanarwa cewa ba da kowa ake ba. Hajiya ta san garinsu. Ta san wanda ya ce ba da wane nake ba, to ya ƙara nuna shi da yatsa ne. Saboda haka ta jefar da ƙarshen da ta daɗe tana ginawa, tana sane da cewa tana iya rasa filin nata.

A shirin ƙarshe sai ga saniyar marayun an tsince ta a bakin wata rijiya can arewa, ashe wani garke ta bi. Dillali ashe gaskiya ya faɗa. Daga nan Hajiya ta aje sandar, ta ce da muryarta ta ainihi: “To, mutanen wanga gari da sunka ci naman bawan Allah, mi za su yi? Ni ban sani ba. Ku za ku ƙarasa shi.” Ta rufe shirin ba tare da addu'ar da ta saba yi ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, wani dattijon makiyayi mai suna Samba ya ratsa dillalai duka, ya danƙa wa Kalla igiyar bijiminsa a idon jama'a, wasu suka bi sahu har turken Kalla ya cika, babu masaka tsinke. Shugaban gidan rediyon, wanda da farko ya yi fushi, shi ne ya fara zuwa yi mata barka.

Ƙarshen Rayuwa

Ta ci gaba da shirin har shekarar 2018, ta sauke farali a 2019. Ta kan gargaɗi matasan da ta koyar cewa mai labari yana da ikon kashe mutum ko raya shi, kuma za a tambaye shi wanda ya zaɓa.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a Dakoro a watan Sha'aban na shekarar 2023, bayan gajeriyar jinya. 'Ya'yan Kalla ne suka haƙa kabarinta, suka hana kowa taɓa magirbi, shi kuwa tsoho Kalla aka kawo shi a amalanke ya yi mata salla. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Zaharaddini, Hafsatu, Yazidu da Hamdiya. Akwai kuma wata Hawwa'u a gidan Kalla da aka sa wa sunanta, wadda ba jininta ba ce, amma duk ranar zaman makoki tare da 'ya'yanta aka yi mata ta'aziyya. Allah ya jiƙanta da rahama.