Yaɓen da Muka Yi wa Rufinmu a Wheaton

Tarihin ɗan Adam, in aka tsame yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna, abin da zai rage aiki ne guda: hana ruwan sama sauka a kan gado. Garuruwa sun kafu a kan wannan aiki, wasu sun watse da suka kasa shi. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa, a Zariya da kuma nan Maryland, ban taɓa ganin littafin da ya ware masa ko babi ɗaya ba. Ni kuwa a kansa na yi gardama mafi tsanani da mijina, ita ce kuma ta ƙarshe.

Mun sayi gidanmu na Wheaton, nan Maryland, a farkon shekarun dubu biyu. Tsohon gida ne mai shimfiɗaɗɗen rufi, ba mai doro irin na maƙwabta ba. Dillalin ma sai da ya ja mana kunne cewa irin wannan rufi yana riƙe ruwa. Malam, haka nake kiran maigidana, Bakatsine ne da ke harhaɗa magunguna a wani asibiti. Ya ɗaga kai ya dubi gidan ya ce shi soro ya gani, kuma soro bai taɓa cutar kowa ba. Ya ƙara da maganar da yakan rufe kowace shawara da ita: "Ai na ɗan lokaci ne."

Komai namu na ɗan lokaci ne. Kujerun falo na ɗan lokaci ne, har suka tsufa. Ban dasa itace a bayan gida ba, sai tattasai da yakuwa, abin da za a ci a shekarar. A Katsina kuwa akwai fili da aka zagaye, gini ya kai linta, ƙanen Malam yana duba shi. Alkawarin da ya yi mini tun muna sababbin zuwa shi ne, ranar da autarmu ta gama jami'a za mu tattara mu koma. Da wannan alkawari na ci sanyin ƙasar nan. Da shi na jure jin rasuwar mahaifiyata ta waya.

Auta tana tsakiyar karatun jami'a abubuwa biyu suka zo mana a lokacin zafi ɗaya. Na farko, likita ya gaya wa Malam yana da ciwon daji a hanta. Na biyu, wani tabo mai launin shayi ya fito a silin ɗakin kwananmu, ya yi ta faɗi, har ya fara ɗiga. Lokacin hadari ne, kusan kowace la'asar sai an yi tsawa. Muka ja gado gefe, na sa roba a wurin.

Mai aikin rufi ya zo, ya hau, ya sauko yana kaɗe gwiwa. Ya ce rufin ya tsufa, kwaltarsa ta tsattsage, kuma hanya biyu ce. Ko a ɓamɓare shi gaba ɗaya a sa sabo, wanda zai kai mu tsufa. Ko a wanke shi, a liƙe tsagun, a shafe shi da silikon, wani farin ruwa mai kauri da ke daskarewa ya zama kamar fata. Wannan zai riƙe wasu shekaru, in ya gaji a sake shafawa.

Ban ko waiwayi Malam ba, don na san amsarsa. Mutumin da ya ƙi sayen labule mai kyau ba zai sayi rufi ba.

Sai na ji ya ce, "Sabo za a sa."

Na bari sai da mutumin ya tafi.

"Malam, sabon rufi na mene ne? Mu da muke kan hanya?"

"Malama, hanyar ce ta ɗan yi tsawo."

"Shekara nawa ya rage wa yarinyar nan? Shafen zai kai mu har ya yi saura."

"Zai kai. Amma in ya gaji, wa zai tsaya a kan masu aiki? Ke da ko tsani ba kya iya riƙewa?"

"Kai za ka tsaya."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi wa mai ciwon da ya zo karɓar magani yana musun abin da likita ya rubuta masa. Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Ya san sunan kowane maganin da aka ba shi, ya san kuma wa ake ba irinsa.

Ba kuɗi ne ya raba mu ba, muna da halin kowanne. Shi yana so ya bar ni ƙarƙashin rufin da ba zan sake tunaninsa ba. Ni kuma na san in na yarda da sabon rufi, na yarda ke nan cewa zan zauna a ƙarƙashinsa ni kaɗai, kuma Katsina ta tashi daga wurin da za mu je ta koma wurin da muka fito. Babu wanda ya faɗi haka a cikinmu. Sai muka yi ta maganar kwalta da silikon, kamar injiniyoyi biyu da aka haɗa aure.

Auta ta zo hutu ta same mu a kai. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta saurare mu, ta ce ita ba ta ga abin gardama ba, a sa sabon kawai a huta.

Uban ya ce, "Kin ji, mai ilimin zamani ta goyi bayana."

Na ce, "Ita da ta ce tuwon dawa yana ɗanɗanon kwali? Ba a kafa hujja da ita."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na miƙa masa ruwa, muka bar maganar ranar.

Wata safiya, bayan mun dawo daga asibiti an ƙara masa ruwan magani, yana kishingiɗe a falo ya fara ba ni labarin gidan mahaifinsa. Ya ce kowace shekara kafin damina sai an kira magina, a kwaɓa ƙasa da makuba, a hau soro a yi yaɓe, a gyara indararo. Ba wanda ya taɓa cewa a rushe soro don ya tsage. Ana lallaɓa shi ne, shekara ta miƙa shi ga shekara.

Sannan ya ce, "To, a yi yaɓen."

Na ce, "Ka yarda ke nan?"

"Na yarda kina so."

An yi aikin da kaka, ganye na zuba. Mutum biyu ne, suna hira da Sifaniyanci. Suka wanke rufin da ruwa mai ƙarfi, suka bar shi ya bushe, washegari suka hau da bokitai da rola mai dogon hannu. Malam ya sa aka fitar masa da kujera tsakar gida, ya lulluɓa da bargo, wai yana duba aiki. Abin da bai tuna ba shi ne, shimfiɗaɗɗen rufi ba a ganinsa daga ƙasa. Ya wuni yana kallon kawunan mutane suna kai da kawowa. Da suka gama, ɗaya ya ɗauki hoto da wayarsa ya sauko ya nuna mana.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Fari fat. Kamar an shimfiɗa..."

Na ce, "Kamar kindirmo."

Ya dube ni. Ya ce, "Kamar kindirmo."

Ɗigar ta tsaya. Na ɗauke robar, muka mayar da gado wurinsa. Aka yi ruwan kaka, aka yi dusar ƙanƙara ta kwanta a kan rufin ta narke, ko ɗigo babu. Na riƙa faɗa masa haka kowace safiya, kamar mai kawo labarin nasara daga fagen fama. Na soma maganar fenti da tayil na gidan Katsina. Yakan ce, "Ki zaɓa, Malama, idonki ya fi nawa." Ya tambayi likitansa ko zai iya tafiya gida ko na sati biyu ne. Likitan ya ce a bari ya ɗan ƙara ƙarfi.

Ya rasu da fitar sanyi, itatuwan unguwa sun yi fure. Mutanenmu suka zo daga Germantown da Fort Washington, falo ya cika da takalma da kuloli. Ƙanensa ya kira daga Katsina ya ce kada a wahalar da shi da jirgi, ƙasa duk ta Allah ce. Aka yi masa sutura a maƙabartar Musulmi a nan Maryland, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya daga gida ba.

A ɗakin nan na yi takaba. Ina cikinta zafi ya dawo, tabon ya sake fitowa a wurinsa na da, ya fara ɗiga. Na ja gadon gefe, na ɗauko robar na ajiye. Na zauna a bakin gado ina jin sautin, ban ji haushin masu aikin ba, ban ji na silikon ba. Na ga dai yaɓen ya riƙe iya abin da aka roƙe shi ya riƙe.

Da na fita takaba na kira ƙanen Malam na ce ya ba nasa babban ɗan ginin nan na Katsina ya ƙarasa ya shiga da iyalinsa. Ya ce, "Yaya, ki ƙara tunani." Na ce na yi. Na gaya wa yara ba zan koma ba, ba zan bar ubansu shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Auta ta rungume ni tana kuka, ta ce da Hausarta mai karkata, "Sannu, Mama." Daga nan na kira kamfanin rufi na ce su zo su ɓamɓare komai su sa sabo, yadda mai gidan ya so tun farko.

Kafin su fara, suka buɗe silin don su ga iya ɓarnar da ruwa ya yi wa katako. A ciki akwai wani siririn bututu da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, wadda ba ma kunnawa sai lokacin zafi. Bututun ya tsage a gwiwa, daidai saman tabon. Rufin bai taɓa yoyo ba.