Ranar da aka ɓoye sungumin Kaka

Jiya ruwan farko ya sauka Sabon Birni, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mani da kakana. Wata damina kawunnaina suka ɓoye sunguminsa don ya bar zuwa gona, suka ce in tsare shi.

Da safe na gan shi yana ɗaure wando.

"Tsoho, ina kuma?"

"Gona za ni, amarya. Sungumi sunka ɓoye, ba ƙafafuna ba. Mai zama, tabarma ka cinye shi."

Ba ni da haƙurin gardama. Na zaro sungumin daga bayan rumbu, na bi shi. Yana sara, ina zuba gero, ina rufewa da diddige. Ni na fara haki.

Allah ya jiƙan ka, tsoho. In na kai shekarunka, Allah ya sa a gona za a neme ni.