Abin da Marlys Ba Ta Rubutawa

In da ido za a duba, Marlys Tuominen ba ta da abin da za a yi wa ƙyashi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, shekararta hamsin da takwas, motarta kuwa ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje, sai ta shiga ta ɗaya gefen ta ja jiki. Shekara goma sha tara ta yi tana wankin zannuwan gado a wani gidan tsofaffi a nan garin Duluth na Amurka, da aka rufe gidan ta koma kula da masu nakasa a gidajensu. Mijinta ya rasu. Ɗanta ɗaya tilo yana aiki a jirgin ruwan dakon tama a babban tafkin da ke gefen garin, ba ya dawowa gida sai tafkin ya daskare da sanyi. Wannan matar na yi shekara uku ina kishi da ita a kan ƙanena.

Dwight sunansa. Da lalurarsa aka haife shi: ƙafa ba ta ɗaukarsa, hannu ba ya yi masa biyayya, harshe da nauyi, amma kan nan garau, ya ma fi nawa. Tun ina 'yar shekara tara nake tura kekensa. Da mahaifiyarmu ta rasu, hukuma ta yanka masa awa hamsin da shida a mako na mai kula da shi, ana biya ta hannun wani ƙaramin kamfani. Ni na ɗauki ashirin da huɗu da yamma, saboda da safe ina aiki a shagon magani. Sauran talatin da biyun suka faɗa hannun Marlys.

Wata rana na dawo da wuri, tun daga bakin ƙofa nake jiyo Marlys da Dwight a banɗaki, tana yi masa aski.

"Oga, a ɗaga mini haɓar nan, ko sai na rubuto takardar neman izini?"

"Ke kin iya aski ne? Yankan kaza dai kike yi."

"To kazar ta yi shiru mana a gama."

Dwight yana dariya har da shaƙewa. Ni shekara arba'in ina tare da shi, abin da nake samu shi ne "Yaya, miyar nan ba gishiri." Burodin da Marlys ke gasowa daga gida kuwa ko ɓurɓushi ba ya bari. Abin da ya fi ci mini rai, daga bakinta na fara jin cewa ya taɓa son wata yarinya a wurin koyon sana'a, har ya sa an rubuta mata wasiƙa. Ina gidan a lokacin, ni nake wanke masa kai, ban sani ba.

Aikin nan rabinsa takarda ne. Kina shiga ki danna waya a san kin iso, kina fita ki danna. Sannan ki cike takardar ranar: wanka, sa kaya, ciyarwa, ɗagawa daga gado zuwa keke, zagayawa, kowanne da mintocinsa, ana ƙirga su sha biyar sha biyar. A ƙasa akwai layi uku na bayani. Dwight ya buga hatiminsa, kamfani ya aika wa hukuma ta biya. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba. Kwafin takardun yana cikin wani fayil a kan firiji, ni kuwa na mayar da karanta na Marlys aikina, kamar mai leƙen asirin maƙwabta.

"Bai iya riƙe cokali ba, a baki na ba shi. Ya ƙware sau biyu. Ya ɓata wando, na canza."

Haka kullum, ba ko kalma ɗaya mai daɗi. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na ce yau na kama ta, ga matar da yake ji da ita tana rubuta shi kamar buhun dankali. Na tare ta a kicin.

"Anti Marlys, haka kike rubuta ƙanena? Jiya a gabanki ya ɗaga kofi da kansa."

"Na gani, 'yar'uwa. Har tafi na yi masa. Yau fa, ya iya?"

"Yau bai iya ba, amma ai ya yi ƙoƙari."

"Ƙoƙarin ki faɗa masa a kunne. A takarda ranar da ta fi muni ake rubutawa, don ranar ce yake buƙatar mutum."

Ta ci gaba da goge tukunya. Na ce a raina, dama, zuciyar wankin zannuwa ce da ita.

Daga ranar na canza hannu. "Yau Dwight ya ci abinci da kansa." Ba ƙarya ba ce, loma uku ya kai, sauran ni na ba shi. "Ya sa riga da ɗan taimako kaɗan." Hannu ɗaya ya zura. Wata bakwai ina wannan rubutu, har karanta masa nake yi kafin ya buga hatimi, shi kuma ya yi murmushi. So nake a samu wuri ɗaya a duniya, ko da fayil ne a kan firiji, da zai nuna ya fi samun sauƙi a hannuna.

Duk shekara ana aiko ma'aikaciyar jinya ta sake auna awoyinsa. Ta bana mace ce mai fara'a, ta sha kofi, ta nemi fayil. Ta daɗe tana juya shafuka. Mutumin safe ba ya iya komai, mutumin yamma yana ci da kansa. Ta ɗago ta tambaye shi, "Malam Dwight, kana iya cin abinci kai kaɗai?" Ya dube ni. Don kada ya ƙaryata yayarsa a gaban baƙuwa ya ce, "Wani lokaci."

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. An mayar da awoyinsa arba'in. Sha shida sun tafi, kuma ɗaukaka ƙara sai ya ci watanni.

Marlys tana da ciwon suga, kuma kamfani ba ya ba mutum inshorar lafiya sai yana cika awa talatin a mako. In daga nata aka cire, maganinta ya tsaya. In daga nawa ne, ba abin da zai same ni, tunda ina da inshorar shagon magani. Ranar Alhamis Dwight ya kira ni, ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Yaya, ki bar mata naki. Ke ai ko ba a biya ki ba za ki zo."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ƙona ni.

"Wato ni ce ta kyauta, ita ce ta tsada ko?"

"Haba Yaya."

"Zan yi tunani. Sai Litinin."

Ba kuɗin nake tunani ba. Tun daren ranar na san zan bar mata. So nake ya kwana huɗu yana jin tsoro, ko zai gane ni ma ina iya cewa a'a. Marlys kuwa ko "ai na faɗa miki" ba ta ce mini ba, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

Litinin na ɗauki hutu na zo da sassafe da maganata a baki. Marlys ta yi masa wanka, ta yi masa aski, ta kawo shi kicin, sannan ta zauna. Ta ce kamfani ya samo mata cikakken mako wurin wata tsohuwa makauniya a garin Cloquet, an ba ta zuwa Juma'ar da ta wuce ta ba da amsa, ta kuma amsa musu.

"Ai na bar miki nawa!" na ce.

"Yaushe kika ce, 'yar'uwa?"

Ba da faɗa ta tambaya ba. Ta jawo fayil, ta zauna da ni awa biyu da ba wanda zai biya ta, tana faɗa ina rubuta takardar ɗaukaka ƙara, loma uku a matsayin loma uku. Dwight ya juya kekensa ya fuskanci taga.

Bayan wata biyar aka mayar masa da awoyinsa cif. Na buga mata waya da kaina na roƙe ta. Ta ce tsohuwar ta riga ta saba da takunta, ita kuma ba ta sakin mutum bayan ta ɗauke shi. Wani ne yake zuwa da safe yanzu, mutumin kirki, Dwight yana ce masa na gode.

Duk Lahadi da la'asar Marlys tana bugo masa waya. Hannunsa ba ya iya riƙewa, don haka ni nake tsayawa a gefen keken in kara masa a kunne. Suna yin minti arba'in, wani lokaci fiye, yana ba ta labarin makonsa wanda ni da na yi makon tare da shi ban ji ba. Hannuna yakan sage tun ba a yi rabi ba. Bai taɓa tambayata ko na gaji ba, ni ma ban taɓa saukewa ba.