Fitilar da ta kusa hana Inna aikin ido

Ko da zan manta komai na zamanmu a Greensboro, ban da bazarar da wata 'yar fitilar mota ta kusa sa mahaifiyata ta koma Maraɗi da makanta.

Ba mu daɗe da ƙaurowa daga Ohio ba a lokacin. Mun taho da tayoyin sanyi, irin waɗanda ake sakawa saboda ƙanƙara. Da zafi ya shigo, maigidana ya sa wa motata wasu tayoyin, ya jibge na sanyin a gareji, ya koma bakin aikinsa na tuƙin babbar mota. Yakan yi makonni bai leƙo gida ba. Ni kuma na ɗauko Inna daga gida don a cire mata yanar ido, domin ta kai ko fuskar jikokinta ba ta bambancewa.

Ranar da muka fara zuwa ganin likita daga unguwarmu McLeansville, muna cikin tafiya sai motar ta yi wata 'yar ƙara, fitilar iskar taya ta kama. Inna ba ta gani, amma kunnenta ko faɗuwar allura ba ya wuce shi.

"Mene ne wannan? Ina muke?"

Ni da bakina da ba ya riƙe magana, na waiga na ce, "Gefen wata maƙabarta ce, Inna."

Sai ta jawo carbi. Na tsaya gidan mai na auna iska, kowace taya lafiya lau. Da muka koma gida na shiga gareji, washegari fitilar ta mutu kamar ba a yi ba. Zuwa na biyu, daidai maƙabartar nan, ta sake kamawa. Na uku ma haka. Ni kaina da nake cika baki cewa ban yarda da camfi ba, sai na sami kaina ina fargaba tun kafin mu iso wurin.

Na kira maigidana, ya ce tunda iska daidai take in share. Da sauƙin faɗa ga wanda yake can Texas da motarsa. Na sauya hanya, fitilar ta kama a gaban wani kantin magani, Inna ta ce, "To, ya biyo mu." Daga ranar ta rage cin abinci. Ta ce in soke randebu, wato ranar da likita ya sa ta aikin, in nema mata tikiti. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi a banɗaki don kar ta ji. Likita ya riga ya gaya mini cewa in aka ƙara jinkiri aikin zai yi wuya, ga bizarta tana ta ƙarewa. Tsoro nake ji sosai.

Ana cikin haka matan unguwarmu za su yi taro a gidana, muka share gareji, wata ƙawata ta kwashe tayoyin sanyin ta ajiye mini a gidanta a Summerfield. Da safe ina tada mota, fitilar na nan a kunne, a cikin gida, ba mu je ko'ina ba. Inna da ke zaune kusa da ni ta ji numfashina ya sauya. Ta buɗe ƙofa ta lalubi bango ta koma ɗaki.

Na sake kiran maigidana. Ya tambaye ni me ya sauya a gidan, na ce ba komai sai tayoyin da aka kwashe. Sai ya ce, "Wayyo, laifina ne." Ashe kowace taya tana da 'yar na'ura a ciki mai aika wa mota labarin iska. Bai kai an haɗa motar da sabbin tayoyin ba, don haka tsoffin kawai ta sani. In tana gareji tana jin su, sai ta natsu. In mun yi nisa ta daina jin su, sai ta kunna fitila. Takan ɗan jira kafin ta kunna, kuma daidai maƙabartar ne lokacin jiran ke cika.

Na san bayani ba zai shiga kunnen Inna ba. Da ƙyar na sa ta a mota muka je Summerfield, na faka gab da tayoyin, muka jira har fitilar ta mutu. Na kama hannunta na ɗora a kan tayar, na gaya mata komai. Ta daɗe tana shafa robar.

"Wato 'yan gida take cigiya," in ji ta. Sai ga hawaye. "Ni ba aikin nake tsoro ba, 'yar nan. Kar in mutu a binne ni a nan, nesa da kabarin babanku."

Na rungume ta na ce in Allah ya yarda da ƙafarta za ta koma, da idonta kuma. An yi aikin, ta koma Maraɗi tana zura zare a allura da kanta.

Tun daga nan na gane cewa in tsoho ya kafe a kan wani abu da kake ganin shirme ne, ba gardama yake nema ba. Ka zauna ka tambaye shi me yake tsoro, don da wuya ya faɗa da kansa.