Sheƙar Shamuwa a Kan Rumbun Baba Nomau

Cikin duk ranakun da na yi ina saɓe da kyamara a bayan marigayi Mushe Shaibu, akwai guda da ba ta taɓa fita raina ba: ranar da na ƙarar da fim ɗinmu na ƙarshe a kan ƙeyarsa. Ku yaran gidan nan kun dame ni da tambayar wane irin mutum ne shi. To, ga labarin, sai ku auna da kanku.

Shaibu ɗan Illela ne, ubansa maharbi. Ya yi lakwal, wato boko, ya zama malamin makaranta, shi ya sa sunan Mushe, yadda muke kiran malamin lakwal, ya bi shi har kabari. Da aka fara talabijin ta 'yan makaranta a Yamai, sai aka ɗauko shi ya riƙa gabatar da shirin namun daji, ni kuma aka haɗa ni da shi a matsayin mai ɗaukar hoto. Dogo ne ƙwarai, in ya shiga motarmu sai ya lanƙwasa wuya. Kuma Allah Ya jiƙansa, yana son kyamara. Ba a taɓa fara ɗauka ba sai ya gyara wuyan riga, ya tambaye ni ko hularsa ta zauna. Amma son dabbobin ba na ganin ido ba ne. Ya tashi ya ga barewa da jimina a dajin da ubansa ke farauta, ya girma ya ga babu su, abin ya tsaya masa a rai. Na sha janye shi daga kasuwar Konni yana sa-in-sa da masu sayar da 'ya'yan gauraka.

Sai na bayyana muku yadda aikin yake a lokacin, don ku ba ku san wahalarsa ba. Fim a gwangwani yake zuwa, kowane gwangwani na 'yan mintoci ne, kuma a buro, wato ofis, ake ƙayyade wa kowace tafiya rabonta. Abin da ka ɗauka ba ka ganinsa sai an kai an wanke, bayan makonni. Babu gogewa, babu a sake. Dokar shirinmu kuwa ita ce a ajiye gwangwanin ƙarshe don jawabin rufewa, inda Shaibu zai tsaya ya fuskanci yara ya gaya musu darasin ranar. In babu wannan jawabi, a wajen darakta ba a yi shiri ba.

A farkon shekarun saba'in ne, bayan wata damina da ta gaza, muka fita yin shiri a kan shamuwa. Shaibu yana son yaran birni su ga yadda mutanen karkara ke zaune da ita: ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta, in ta sauka a gidanka sai a ce ka yi baƙuwar alheri, ruwa ya kusa. Muka kwana Konni, muka ɗauki wani jami'in gandun daji, muka nufi wani ƙauye a yankin Tajaye. Can muka tarar da abin da ko a mafarki ba mu roƙa ba. Shamuwa ta yi sheƙa a ƙoƙolin jinkar wani rumbu, a tsakar gidan wani dattijo mai suna Baba Nomau, ƙasa-ƙasa yadda kyamara za ta kama ta ba tare da na hau bishiya ba. Har ta zuba ƙwai.

Murna ta kama Shaibu. A gaban maigari da dattawan gari ya kama hannun Baba Nomau ya ɗaga, ya ce wannan shi ne uban tsuntsaye, yaran ƙasa duka za su gan shi su yi koyi. Jami'in gandun daji, don kada a bar shi a baya, ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa sheƙar nan da hukuma yake yi. Baba Nomau, siririn mutum mai ƙaramar murya, ya sunkuyar da kai ya ce, “Madalla.” Mu muka ɗauka kunyar yabo ce.

Da la'asar ɗin ranar aka yi ruwa, ruwan shuka na sosai. Washegari gari ya watse. Maza da sungumi, mata da yara da ƙoren iri, kowa ya nufi gona, don wanda ya san ƙasar nan ya san laimar ba ta jira. Mu kuwa muka wuni a tsakar gidan Baba Nomau muna ɗaukar tsuntsu: ta tashi, ta sauka, ta juya ƙwai, mijin ya karɓe ta. Shi maigidan yana zaune a gindin zana yana gyaran wata igiya da ba ta bukatar gyara. Na gan shi, amma idona na aiki ne, haske kawai nake lissafi.

Da gari ya sake wayewa, na kafa kyamara, na ɗora gwangwanin ƙarshe. Shaibu ya gyara hula, ya tsaya a gaban rumbu. Har na ɗaga hannu, sai ya ce in dakata. Ya dubi sungumin da ke jingine da danga, bakinsa fes babu ko ɗigon laka. Ya je ya durƙusa gaban Baba Nomau.

“Baba, lahiya ba ka tahi gona ba?”

“Lahiya lau, Mushe. Ku yi aikinku.”

Matarsa Inna Rabi ce ta kasa haƙuri. Ta ajiye taɓarya ta fito daga bayan danga.

“Mushe, kai ka ɗaure shi da bakinka. Irinmu duka na cikin rumbun ga, namu da na ƙannenai. Ya tahi cin rani, ya komo ya iske tsuntsayen ga sun yi gida bisa. Ni ko mace ba ta shiga rumbun miji. Da ba ku zo ba, da ya ba tsuntsun haƙuri ya ɗaga jinka, kowa ya san larura ta. Kuma bana wa ad da irin ba wani? Kowa ya cinye nashi.”

“Rabi, ya isa haka,” in ji Baba Nomau. Sannan ya dubi Shaibu. “Ka ce gaban maigari ni a uban tsuntsaye. Ina anka taɓa ganin uba ya kakkaɓe ɗiyanai ƙasa?”

Irin wannan rumbu ba shi da ƙofa, ta sama ake shiga. A al'ada, gwafa ake sa wa jinkar a gefe ɗaya a karkata ta, mutum ya zura. In aka karkata wannan, sheƙa da ƙwai sai ƙasa. In aka jira 'ya'yan su ƙyanƙyashe su tashi, shuka ta wuce, gidaje sun rasa abincin shekara. Rana kuwa ta fara zafi, saman ƙasa ya soma yin fari.

Shaibu ya ɗaga kai ya dubi sheƙar. Sannan ya ce, “Baba, ni na yi kure. Na ga abin da ke bisa, ban tambayi abin da ke ciki ba.” Ya miƙe ya zagaya rumbun yana duban bakin jinkar. Ya ce ai ranar da aka ɗora ta, ba karkata ta aka yi ba, maza ne suka kewaye ta suka ɗaga ta a miƙe, kamar yadda ake ɗora jinkar ɗaki. Abin da ya hau a miƙe zai ɗagu a miƙe.

Matsalar ita ce maza, duk suna gona. Aka samo wani maƙeri da wasu dattawa da ƙafa ta hana su fita. Aka haɗa da direbanmu, wanda shi ke riƙe mana makirho, abin ɗaukar murya, da jami'in gandun dajin, wanda ya tuɓe hular aiki ba tare da an roƙe shi ba. Aka kife turame a kewaye don a taka. Duk da haka gefen gangare ya fi ƙarfin kowa, sai mai tsawon Shaibu.

Na ja shi gefe. “Mushe, fim ɗin da ya rage na jawabinka ne. In rana ta ɗaga, hasken ya lalace. Mu yi jawabin tukuna.”

“Jawabin me, Abdu? In tsaya in ce kada a taɓa sheƙa, sannan in juya in taɓa? Ɗauki abin da za mu yi.”

“Ba fuskarka, ba murya. Darakta zai cinye mu ɗanye.”

“Ya ci. Kunna.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba, don na san a kaina faɗan zai fara sauka. Amma na kunna.

Shamuwar ta tashi ta koma kan tsamiyar maƙwabta tana kallonmu. Maƙerin ya ba da murya, aka yi bisimilla, jinka ta rabu da bakin rumbu a hankali. Baba Nomau ya hau tsani ya sulale ciki, ya fara miƙo dammunan iri, Inna Rabi na karɓa. Abin da nake gani ta gilashi shi ne bayan Shaibu, hannuwa a sama, riga ta jiƙe sharkaf, hular da ake ta lallaɓawa ta faɗi cikin laka. Ana gab da gamawa turmin wani dattijo ya gurɗe, jinkar ta ɗan sunkuya. Ƙwai ɗaya ya gangaro ta kan ciyawa ya fashe a gefen ƙafar Shaibu. Na ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai saki ba, bai ko waiwaya ba, har Baba Nomau ya fito aka mayar da jinka mazauninta. Nan fim ya ƙare.

Mata suka hau sussuka nan take. Kafin azahar Baba Nomau da ƙannensa suna gona, Shaibu na biye da su da ƙwaryar iri, yana jefawa yana rufewa da diddige kamar bai taɓa barin Illela ba. Ni aka bari gadin rumbu, da kyamarar da babu komai a cikinta. Ina zaune shamuwar ta sauko, ta daɗe tsaye a bakin sheƙa, sannan ta gyara ƙwan da suka rage da baki ta kwanta a kansu. Hoton da ya fi kowane kyau a tafiyar nan, idona kaɗai ya ɗauke shi, kuma har yau ina jin haushi.

A Yamai darakta ya kalli abin da muka kawo, ya ce, “Ina mai gabatarwa? Ƙeya na aike ku ɗauka?” Ya ce aƙalla a yanke wurin ƙwan, kada yara su ga mai kare tsuntsu yana fasa ƙwai. Shaibu ya ce in aka yanke wurin, a yanke sunansa ma. Ya ce gara yara su san cewa zama da dabba yana da tsada, kuma ba daidai ba ne mai hular birni ya yi yabo ya tafi, ya bar talaka da biya. Aka ja, aka ja, a ƙarshe aka bar wurin, Shaibu ya ɗora murya a kai daga baya.

Ya yi shekaru bayan haka yana yawon kare namun daji, ya yi faɗa da manya da ƙanana, bai sassauta ba. Abu ɗaya ne ya canza. Duk garin da muka sauka, kafin in buɗe akwatin kyamara, sai ya zauna da masu gida ya tambayi me suka ci bara, me suke jira bana, me dabbar nan ke ci musu. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: kyamara saman rumbu take gani, cikinsa sai ka tambaya, kuma yabonmu yana da nauyin da mu ba ma ji, wanda aka yaba ke ɗauke da shi.

Da ya rasu, aka zo wurina neman hotonsa mafi kyau don a nuna. Ina da su da yawa, hula a zaune, wuyan riga a gyare. Na ba su na ƙeyar.