Ɓerayen Masar da Malam Ya Bar Mini

Mijina, da nake kira Malam, ya rasu ya bar ni da ɓerayen Masar uku a keji, bayan ɗakin girki. A Suleja muke haya, wajen Bagama, a shekarun casa'in ɗin nan da kowace safiya motoci ke kwasar mutane zuwa Abuja. Shi a gari yake aiki. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ne a wata sakandare, yana wanke kwalabe, yana jera wa malamai kayan aiki. Shekara bakwai muka yi tare, Allah bai ba mu haihuwa ba.

A wani tsohon littafi na makarantar ya karanta labarin wata dabba mai kama da gafiya, a can wata ƙasa mai nisa, sunanta aguti. Ya ce masana sun ari sunanta suna kiran launin nan na dabbobin daji, irin na zomon dawa. Wata rana ya tsinke gashi ɗaya daga bayan namijin ɓeran Masar da muke da shi a lokacin, ya ɗora a farar takarda, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Ni da nake ganin dabbar ruwan ƙasa ce, sai ga gashin baƙi a gindi, rawaya a tsakiya, baƙi a tsini.

Ya haɗa namijin nan da wata mace baƙa ƙirin. Ta haifi uku, namiji ɗaya, mata biyu, duk launin daji. Na ce masa baƙin ya ɓata.

Ya ce, "Bai ɓata ba, ɓuya ya yi. Bari waɗannan su girma su haihu a tsakaninsu. A kowane jikoki huɗu, wajen ɗaya zai fito baƙi. Haka littafin ya ce, amma ni so nake in gani da idona."

Da aka yaye su, ya ba wani abokinsa iyayen don kada a gauraya, ya rubuta komai a ɗan littafin rubutunsa. Sati biyu bayan haka zazzaɓi ya kama shi. Kwana shida ya yi.

Na shiga takaba, ba ni da halin fita yankan ciyawa. Wadda ta rufa mini asiri ita ce maƙwabciyata ta ɗakin ƙofar gida, 'yar Kudu mai sayar da ganyen miya, kowa Madam yake ce mata. Kullum da yamma sai ta shigo da ragowar ganye da ɓawon kabeji a buhu.

Da gurguwar Hausarta takan ce, "Matar Malam, wannan nama ya yi ƙiba fa! Ba ni ɗaya in yi maka farfesu, ka ji daɗin baki."

Ita ce ta fara sa ni murmushi bayan rasuwar. Wata rana kuma ta dawo da farin namiji a kwando, wai ta sayo mini don su yi yawa. Har ta buɗe ƙofar kejin na riƙe hannunta. Na ba ta haƙuri, na ce idan baƙo ya shiga, aikin Malam ya lalace. Ba ta fahimta ba, amma ta mayar da shi kasuwa.

Ranar sadakar arba'in yayan Malam ya leƙa bayan ɗakin girkin.

"Har yanzu shirmen nan na nan? Mutane sun fara cewa baƙin ciki ya taɓa ki, kina hira da ɓeraye. Ki bari a ba yaran unguwa."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Wani abu yake jira ya gani, bai gani ba. Zan gani masa."

Ya girgiza kai ya tafi.

Matan biyu suka ɗauki ciki, ɗaya ta riga ɗaya. Ana saura kwana tara in fita takaba ta farkon ta haihu. Ɓeran Masar da gashinsa ake haifarsa, ido a buɗe, ba a jiran komai kafin a san launinsa. Uku ne, duk launin daji. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, na duba ciki da baya. Na rubuta a ƙasan rubutun Malam, na rufe littafin. Ranar ban iya cin abinci ba.

Takaba ta cika, Yaya ya zo ya ce gobe mota za ta kai ni gidanmu a Izom, an riga an yi wa mai gidan hayar magana cewa zan bar ɗakin. Macen ta biyu kuwa cikinta ya tsufa, da ƙyar take motsi. Na san girgizar mota za ta iya sa ta ɓari.

Na ce, "Yaya, a ƙara mini kwana goma."

"Saboda ɓera?"

"Saboda ƙanenka."

Ya ce sati ɗaya, ba ƙari.

Na ɗaure kayana duka, na bar tabarma da buta. Rana ta shida, bayan sallar asuba, na je zuba musu ganye. Biyu ne a kwance jikin uwar, ba su gama bushewa ba. Ɗaya launin daji. Ɗayan baƙi ne ƙirin, har tafin ƙafarsa, kamar kakarsa. Na zauna a ƙasa na yi wa Malam addu'a, sannan na ɗauko littafin na rubuta: biyar, huɗu na daji, ɗaya baƙi.

Washegari Yaya ya zo da mota. Na nuna masa shafin da Malam ya faɗi abin da zai faru, da rubutun hannunsa, na kuma ɗora masa baƙin a tafin hannu. Ya karanta sau biyu.

"Tun muna yara haka yake, sai ya tono abin da ba wanda ya aike shi," ya ce. "Allah ya jiƙansa."

Direba ya so ya ɗaure kejin a saman kaya. Yaya ya hana, ya shiga gaba da shi a cinyarsa, yana ta cewa a bi ramuka a hankali har muka isa Izom. Malam ya taɓa ce mini biyar ko goma ba su isa a tabbatar da magana ba, sai an ƙirga da yawa. Littafin yana da sauran shafuka, don haka a can na ci gaba.