Man Shanu a Jinin Baba

Shekarar da ƙafafun Baba suka fara kumbura, ana layin sabulu da madara a ko'ina, amma gidanmu a Shagari bai taɓa rasa man shanu ba. Dangin Inna makiyaya ne a Horo Birni, kuma a wurinsu ba a gaida mara lafiya hannu sake. Kowa ya zo da ƙwaryar mai. Inna ta yi imani duk wanda ya rame mai ne ya ƙare a jikinsa, don haka tuwon Baba iyo yake yi.

Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a Bodinga, ni na matsa aka kai shi asibiti Sakkwato. An ce ya zo gwajin jini bai ci komai ba. Na faɗa wa Inna, na maimaita. Da muka isa, ma'aikacin ya ja jinin, ya ajiye kwalbar, can sai ga wani fari-fari ya taso a samanta. 

Likita ya tambaya ko Baba ya karya kumallo. Inna ta gyara mayafi.

"Hura ɗai na ba shi da ɗan mai. Wa ka tahiya Sakkwato da ciki wohi?"

Na ji kamar in fasa ihu. Likitan dai bai yi faɗa ba. Ya ce ƙodar Baba ta gaza, kuma mai irin wannan ciwo in ya ci maiƙo, man yakan daɗe yana yawo a jini bai sauka ba, yana wahalar da zuciya. Ya ce akwai injin wankin ƙoda can kudu, amma ko masu hawansa sai sun kiyaye maiƙo, don injin ba ya kwashe shi. Inna ta daɗe tana kallon kwalbar. Mace ce da ta san yadda mai ke tasowa a kan nono, ba ta yi musu ba.

Daga ranar na zama 'yar sandan gidan. Duk ƙarshen mako ina hanya, ina buɗe tukwane, ina shinshina miya, ina mayar wa baƙi da ƙwaryar mansu. Wata gwaggona ta ce boko ya cire mini tausayi. Ban kula ba, tsoro ne ya cika ni. Ina cikin aji ma in na ji mota ta tsaya a bakin makaranta sai in leƙa ta taga ko saƙon rasuwar Baba aka kawo.

Yayana ya tafi kudu nema wa Baba wuri a injin, ya dawo yana kallon ƙasa. Injin kaɗan ne, masu jira da yawa, kuma ba wanki ɗaya ake yi a dawo gida ba. Sai dai mutum ya tare can har ƙarshen ransa.

Baba ya saurara har ya gama. Aka kawo tuwo da miyar kuka, fayau, ya taɓa ya janye hannu.

"Ɗiyata," ya ce, "injin nan dai ba shi zuwa Shagari, ni ko ba ni zuwa wurinai. To mi muka tsaro?"

Inna ta shiga ɗaki ta fito da cokali cike da mai, ta tsaya a kan kwanon. Ba ta zuba ba. Ni take kallo, shi ma ni yake kallo. Na san abin da zai taso a jininsa kafin la'asar, na kuma san wata nawa ke nan bai cinye tuwo ba.

Na ce, "Inna, zuba mishi."